Tambayi Anti: Waken pinto ya ƙi nuna, maigida ya fara tsaki

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wannan satin saƙonnin da suka shigo kusan duk a kan wake ɗaya ne, wannan mai ɗige-ɗigen da ake ce ma pinto, kuma yawancin masu tambayar mutanenmu ne da ke zaune a Amurka, shi ya sa na haɗa su wuri ɗaya. Bismillah.

Tambaya: Anti barka da aiki, dan Allah ki taimaka min. Bara na biyo maigida nan Houston, toh ranar muka shiga kanti na ga buhun wake da arha sosai an rubuta pinto, nace ai wake wake ne na ɗauko ƙaton buhu. Na zo yin garau-garau yadda muke yi a gida, na ɗora waken ya ɗan tafasa na zuba shinkafa, wallahi Anti shinkafar ta caɓe ta zama fate shi kuma waken yana nan kamar tsakuwa, yara suka tsince shi gefe, maigida bai ce komai ba sai tsaki. Ga buhu nan ya tsare min kicin kuma ina jin tsoron Allah in zubar. Ya zan yi da shi? Ƙanwarki daga Houston.

Amsa: Ƙanwata kar ki zubar, buhun nan alheri ne a gidanki, kawai dai kin ɗauke shi a matsayin waken gida ne alhali ba danginsu ɗaya ba. Namu na gida, fari da ja duka, asalinsa nan Afirka ne, Najeriya da Nijar su ne kan gaba a duniya wajen noma shi, fatarsa siririya ce shi ya sa ko ba a jiƙa ba minti 40 zuwa awa ɗaya ya nuna. Pinto kuwa ɗan Meziko ne, ɗan uwan baƙin wake da jan nan mai siffar ƙoda, fatarsa ta fi kauri kuma ƙwayarsa ta fi girma, ba ya son gaggawa ko kaɗan. A arewacin Meziko da kudu maso yammacin Amurka shi ne waken yau da kullum, inda kike ɗin nan Texas ai cibiyarsa kika faɗo, jihar New Mexico da ke maƙwabtaka da ku har cikin doka suka sa shi tare da barkono a matsayin kayan lambun jiharsu tun 1965. Noman kuma yawanci can arewa ake yi, North Dakota, shi ya sa kika gan shi da arha haka.

Toh ga yadda za ki yi. Ki auni kofi biyu, shi ne kusan fam ɗaya, wajen giram 450, kar ki raina shi don in ya dahu sai ya ba ki kofi biyar zuwa shida, ya ishi gida mai mutum shida in akwai shinkafa ko burodi a gefe. Ki baza a faranti ki tsince, eh har a Amurka ana samun 'yar tsakuwa a ciki, ki wanke ki jiƙa da ruwa mai yawa tun da daddare kafin ki kwanta, ki ɗan sa gishiri a ruwan jiƙon. Nasan an saba ce mana gishiri yana hana wake nuna, wannan maganar ba ta da ƙarfi, gishirin ma taimaka wa fatar yake ta yi laushi ba tare da ta farfashe ba. In kin manta baki jiƙa ba, ki tafasa shi minti biyu ki kashe wuta ki rufe ki bar shi awa ɗaya, ya yi.

Da safe ko da rana ki zubar da wancan ruwan ki sa sabo, ya sha kan waken da kamar tsawon yatsa, ki jefa rabin albasa haka nan ba sai kin yanka ba, tafarnuwa uku ko huɗu, da ɗan mai cokali biyu. Ki bar shi ya yi tafasa mai ƙarfi minti goma cur, sannan ki rage wuta sosai ya dinga ɗan motsi kawai, awa ɗaya da rabi zuwa biyu, in ruwa ya ja ki ƙara na zafi ba na sanyi ba. Za ki ga ɗige-ɗigen nan sun ɓace ya koma kalar ƙasa-ƙasa mai ɗan ja, kar ki tsorata haka yake. Alamar ya nuna, ki ɗauki ƙwaya uku daga wurare daban-daban a tukunyar ki matse tsakanin yatsu, in duk sun murje ba wani gari-gari a tsakiya shikenan. In kina da tukunyar matsi irin su Instant Pot, jiƙaƙƙe minti 15 ya isa, wanda ba a jiƙa ba wajen minti 40, ki bar tururin ya sauka da kansa.

Nasan abin da ke ranki, kanwa. In kina da ita ki sa 'yar mitsitsiya, in babu bekin soda yana yin aikinta, soda fa nace ba bekin foda na kek ba, kwatan ƙaramin cokali ga kofi biyun nan. Kika wuce haka zai yi ɗanɗanon sabulu ya kuma dagargaje, sannan yawanta yana kashe sinadarin bitamin B1 da ke cikin waken. Abu ɗaya da zan ja kunnenki a kai shi ne tumatur. Duk abu mai tsami, tumatur ne, lemon tsami ne, tsamiya ce, in ya riga shiga tukunya kafin waken ya yi laushi toh sai dai ki yi ta ƙona gas a banza. Sai ya nuna tukuna. Kuma in kin yi duk wannan ya ƙi, ba laifinki bane, waken ne ya tsufa a sito, wanda ya shekara biyu uku a ajiye wani lokacin ko me za a yi mishi ba ya laushi.

Garau-garau kuma ki dafa waken daban har ya nuna, ki tsame, ki dafa shinkafarki da ruwan waken, in ta kusa tsotsewa ki juye waken a kai ki rufe su turara tare. Mai da yaji, albasa, ɗan latas da tumatur a gefe, maigida ba zai ƙara tsaki ba in sha Allahu.

Amma ni in kin bi tawa, kar ki tsaya a garau-garau kawai, don abin da pinto ya fi namu da shi romonsa ne. Ruwan nan da yake yin kauri a tukunya, mu mun saba tsiyaye ruwan wake mu zubar, su matan Meziko shi suke tattali. Ranar farko haka suke zuba shi a kwano da romonsa, a yayyanka ɗanyar albasa da barkono da ganyen koriyanda a kai, a matsa lemon tsami, a ci da gurasarsu ta masara da suke ce ma totiya. Washegari sai a soya albasa a mai, a zuba ragowar waken da ɗan romo a dinga dannawa da bayan ludayi yana soyuwa har ya zama kamar kirim mai kauri, a shafa a totiya da ƙwai ko a ci da shinkafa. Tukunya ɗaya ta ciyar da gida kwana biyu uku kenan kuma kowace rana da fuskarta daban. Ke da kike da manja da daddawa ai kin ma fi su kayan aiki. Ki soya albasa mai yawa a manja, jajjagen tattasai da attaruhu, habanero da kike gani a kantunansu shi ne makwafin attaruhunmu, ki sa daddawa da bandar kifi in kin samu a shagon 'yan Afirka, kuma a Houston ba za ki rasa ba don akwai 'yan Najeriya sosai a wajen unguwar Alief, ki juye dafaffen waken da romonsa ya yi minti 20, ki watsa alayyahu a ƙarshe. Faten waken nan da pinto yana yin kaurin da namu ba ya yi sai an sa masa doya ko dankali. A ci da soyayyen filanten ko burodi ko a barbaɗa garin kwaki. Ragowar kwana uku zuwa huɗu a firij, in za ta wuce haka ki ƙulla a leda kashi-kashi da romonta ki jefa firiza, wata uku ba abin da zai same ta.

Tambaya: Salam Anti. Ni namiji ne, ki yi haƙuri na shigo filin mata. Iyalina ta tafi gida ganin mahaifiyarta da ba ta da lafiya, ta bar ni da yara uku a nan Ohio, ga aiki, bana dawowa sai shida na yamma, indomi da ƙwai har yaran sun fara yi min bore. Wani abokin aikina yace in dinga sayen waken pinto na gwangwani, amma ina tsoron ko akwai haram a ciki. Me kika gani? Baban yara, Columbus.

Amsa: Malam filin na kowa ne, Allah ya ba Hajiya lafiya ya dawo da uwargida lafiya. Tsoronka yana kan hanya kuma gara da ka tambaya, don a girkin mutanen can pinto da alade kusan tare suke tafiya. Markaɗaɗɗen waken nan na matan Meziko da na faɗa a sama, a gargajiyance da kitsen alade ake soya shi, akwai kuma wani da ake ce ma charro mai romo, shi da yankakken naman alade ake yinsa, mutanen tsaunukan Appalachia da ke nan kudu da kai, Kentucky da West Virginia, su ma tukunyar wakensu da ƙafar alade mai hayaƙi suke dafa ta. Saboda haka ka juya bayan gwangwani ka karanta. In ka ga lard ko pork ko bacon ko ham, ko manteca in da Sifaniyanci aka rubuta, ajiye musu abinsu. Wanda za ka ɗauka shi ne mai ƙwaya zalla, za ka ga an rubuta wake, ruwa, gishiri, wani lokaci da ɗan sinadarin adanawa, shikenan. In markaɗaɗɗen kake so ka nemi wanda aka rubuta ma vegetarian, wato wanda ba nama ko kitsen dabba a ciki. Ita ma totiyar fulawa ka duba, wasu da kitsen suke yi. Haka in kun shiga gidan abincin 'yan Meziko ka tambaya da baki, waken da shinkafar duka, kar ka ji kunya sun saba da tambayar.

Yanzu abincin dare na minti 30. Ka samo niƙaƙƙen naman sa rabin kilo a shagon halal, a Columbus da yawan 'yan Somaliya ba wahala bane. Albasa babba ɗaya ka yanka ka soya a mai, ka zuba naman kana wargaza shi da cokali har ya canza kala, tafarnuwa, magi, garin barkono daidai bakin yara, da ƙaramin cokali ɗaya na kumin, shi ne ke ba shi wannan ƙamshin na abincinsu, in babu kori da citta ma sun yi. Sai gwangwanin tumatur ɗaya, a nan ba matsala don waken ya riga ya dahu. Gwangwanin wake biyu ka buɗe ka juye a kwando ka ɗauraye da ruwa, wannan ɗaurayar tana rage gishirin da kusan kashi 40 cikin 100, ka zuba da rabin kofin ruwa, ka murƙushe kaɗan daga cikin waken a jikin tukunya don miyar ta yi kauri, ka rufe minti 15. Wannan shi ne abin da suke ce ma chili, ko da yake 'yan Texas na asali za su yi ta rantsuwa cewa nasu ba a sa wake, wannan rigimarsu ce, kai da yara uku ke jira ba ruwanka. A zuba kan shinkafa, ko taliya, ko dafaffen dankali. Ka yi da yawa don washegari ya fi daɗi, ka naɗe musu a totiya da ɗan cuku su tafi da shi makaranta.

In wata rana kana da ƙarfi ka gwada haɗa shi da burodin masara yadda mutanen Appalachia ke ci, suna marmasa burodin ne a cikin romon da ɗanyar albasa a gefe, abincin masu haƙar kwal ne tun da can don yana riƙe ciki kuma ba tsada. Sai dai garin haɗin da aka fi sani, Jiffy mai shuɗin kwali, na asalin akwai kitsen alade a ciki, suna da wani daban da aka rubuta ma vegetarian, shi za ka nema. Kuma Malam ka sa babban yaron ya dinga ɗauraye waken yana buɗe gwangwani, ba a bar maka komai kai kaɗai ba.

Tambaya: Anti ni nas ce ina aikin dare a Maryland, na sayi tukunyar nan ta lantarki mai dafa abinci a hankali, inaso in dinga zuba waken in tafi aiki in dawo in tarar ya dahu. Sannan Anti gaskiya kumburin ciki, duk ranar da muka ci gidan sai a hankali, surukata tana nan tare da mu har tace a daina dafawa. 'Yarki.

Amsa: 'Yata sannu da ƙoƙari. Za ki iya amma da sharaɗi, kuma ke da kike ma'aikaciyar lafiya za ki fi kowa ganewa. Dangin waken nan suna da wani sinadari, lektin, wanda in bai sha tafasa ba yana kawo amai da gudawa cikin 'yan awanni. Jan mai siffar ƙoda shi ya fi yawansa nesa ba kusa ba, pinto nasa kaɗan ne, amma duk da haka ba a wasa. Matsalar ita ce tukunyar nan in tana kan ƙaramar wuta wata ba ta kai zafin tafasa, sai waken ya kwana a ruwan ɗumi yana laushi amma sinadarin yana nan. Toh ki jiƙa, ki zubar da ruwan, ki tafasa shi a kan murhu sosai aƙalla minti goma, in kin kai 30 ya fi kwanciyar hankali, sannan ki juye a ta lantarkin ki tafi aikinki. Na gwangwani ba ya buƙatar wannan.

Maganar iska kuma, ki gaishe min da Mama kice ta yi haƙuri kar a kori wake daga gida. Akwai wani irin sukari a cikinsa da cikinmu ba ya narkarwa sai ya gangara babban hanji ƙwayoyin cuta masu amfani su ci, su suke fitar da iskar. Jiƙo da zubar da ruwan jiƙon yana rage wani abu daga ciki, dahuwa sosai ma haka, waken da ya yi rabi-rabi shi ya fi tayar da ciki. Mutanen Meziko wani ganye suke jefawa da ake kira epazote, mu kuma citta da kanumfari da 'yar kanwa muka sani, ni bana rantsuwa a kan ko ɗaya cikinsu, ƙamshi dai suna ƙarawa. Abin da ya fi aiki shi ne sabo, a fara da ludayi ɗaya a gefen shinkafa sau biyu uku a sati maimakon a cika kwano rana ɗaya a wata, bayan 'yan makonni ciki yana daidaitawa. Kuma ya cancanci haƙurin, kofi ɗaya na dafaffe yana da furotin wajen giram 15 da harza ita ma wajen giram 15, ga mai ciwon suga ya fi farar shinkafa zalla sauƙi a jiki. In dai Mama tana da ciwon ƙoda ne sai a tambayi likitanta tukuna saboda yawan fotashiyam.

Tambaya: Anti mu da muke Kano fa, ina ake samun pinto ɗin nan? Ina ganinsa a bidiyon girki a TikTok. Kuma yana yin ƙosai da alala?

Amsa: 'Yar uwa ke da Dawanau ke bayan gidanki me za ki yi da waken gwangwani da aka yi wa kuɗin jirgi? Wani lokaci ana ganinsa a manyan kantuna amma kuɗin ƙaramin gwangwani sai ya kusa saya miki mudu. Duk girkin da na lissafa a sama ki yi shi da jan wakenmu, chilin ma, markaɗaɗɗen ma, ki dai rage lokacin dahuwa da kusan rabi kuma ki rage ruwa don romon namu bai kai kaurin nasu ba.

Ƙosai da alala kuwa a'a, ban ba ki shawara ba. Fatar pinto ba ta fita da sauƙi a turmi ko a bilenda yadda tamu ke zamewa, ƙullun kuma ba ya tashi in an buga, sai ya yi nauyi ya sha mai. Wannan har da ku na Amurka, in azumi ya zo kuna son ƙosai ku duba kantar da kuka ɗauko pinton, a gefensa za ku ga farin wake mai baƙin ido an rubuta black-eyed peas, shi ne namu sak, baƙaƙen fatar jihohin kudu na ƙasar Amurka ma da shi suke shinkafa da wakensu na sabuwar shekara. Shi za ku surfa, pinton ku bar wa tukunyar dare.